Mai Ciwon Suga da Tafiya Ƙasashen Sanyi

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Disamba ta kama, makarantu sun tafi hutu, kuma duk wanda ya leƙa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja, ko na Diori Hamani a Yamai, zai ga yadda jama'a ke tururuwa. Wasu Umara suka nufa, wasu Dubai ko Alkahira, wasu kuma 'ya'yansu da ke karatu ko aiki a Ingila, Kanada da Amurka ne suka aiko da tikiti, a zo a ga jikoki. Cikin waɗannan matafiya akwai masu ciwon suga ba kaɗan ba. Da su za mu yi magana yau, da kuma 'ya'yan da za su tarbe su a can, domin rabin aikin a wuyansu yake.

Ciwon suga ba ya hana tafiya. Sai dai ciwo ne da ake riƙe shi da tsari. A gida an san lokacin karin kumallo, an san lokacin allura, an san malmala nawa ake ci da dare, ana takawa masallaci sau biyar a yini. Tafiya takan wargaza wannan duka a kwana guda, sanyi kuma ya zo ya rufe alamomin da jiki ya saba ba mutum. Saboda haka wanda a gida yake iya cewa “na ji a jikina sugana ya hau”, a can wannan jin ba abin dogaro ba ne. Sai an gwada.

Bari mu fara da insulin, domin a nan aka fi yin asara. Mu mutanen ƙasar zafi ne, duk tsoronmu kada zafi ya lalata mana magani. Mun saba da neman firij, da fargabar ɗauke wuta, da sa kwalba a gindin randa. Abin da ba mu saba ji ba shi ne sanyi ma yana kashe insulin, kuma nasa ya fi muni. Insulin ɗin da ba a buɗe ba ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyas. Wanda aka fara amfani da shi, yawancinsu suna yin kwana 28 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a takardar cikin kwali. Amma da zarar ya daskare, to ya tashi daga aiki. Ko ya narke ya koma ruwa garau kamar ba abin da ya same shi, ƙarfinsa ya tafi. Mutum zai yi ta yin allura suga na hawa, ya ɗora laifin a kan abincin Turawa.

Ina ne yake daskarewa? Na farko, a cikin babbar jakar da aka auna aka tura ƙarƙashin jirgi, inda sanyi kan yi tsanani idan an yi sama. Ko bai daskare ba, jaka takan yi ɓatan kai, kai ka sauka a Landan ita ta kwana a Adis Ababa ko Istanbul. Na biyu, a motar da aka ajiye a waje cikin dare a Toronto ko Niyok. Na uku, a ɗan ƙaramin firij ɗin nan na ɗakin otal, idan aka tura kwalba can ciki ta jingina da bangon baya. A ajiye ta a tsakiya, ko a ƙofar firij. Idan za a fita yawo cikin dusar ƙanƙara, biron insulin ya shiga aljihun ciki na rigar sanyi, inda ɗumin jiki zai kai gare shi. Mai amfani da irin mai fari-farin nan kamar madara, irin su Mixtard, idan ya juya kwalbar a hankali ya ga gudaji-gudaji, ko wani farin abu ya manne a jikin gilashi ya ƙi haɗewa, ya jefar. Irin mai garau kuwa, idan ya yi duhu-duhu ko ya canja launi, shi ma haka.

Don haka magani duka a jakar hannu: insulin, allurai, ƙwayoyi, na'urar gwaji, tsinken gwaji, batir. A ɗauki ninkin abin da za a buƙata, tafiyar mako biyu a ɗauki na wata guda, domin a wannan lokaci na shekara dusar ƙanƙara da hazo kan sa a soke jirage, mu ma a nan ƙurar hunturu kan hana jirgi sauka Kano. In ku biyu ne, a raba kayan gida biyu, Alhaji ya riƙe rabi, Hajiya ta riƙe rabi.

Wajen bincike a filin jirgi ba abin tsoro ba ne. Dokar nan ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ta yi wa magani sassauci, amma ka zo da takardar likita, a rubuce da Turanci, mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, da sunan ciwon, da jerin magungunan da yawan da kake sha, da bayanin cewa dole ka riƙe allurai. A bar kowane magani cikin kwalinsa na asali. Wannan ɗabi'ar tamu ta zazzage ƙwayoyi kala-kala a ƙulle a leda ɗaya, jami'in kwastan na wata ƙasa ba zai gane mata ba, kuma in ka faɗi, likitan can ma ba zai san me kake sha ba. Masu na'urar da ake mannawa a dantse, ko famfon insulin, su duba abin da kamfanin ya ce tun a gida, domin wasu ba a so su bi ta na'urar haska kaya. Ana iya roƙon a yi binciken da hannu.

A takardar nan ta likita, ka roƙe shi ya rubuta sunan sinadarin maganin, ba sunan kasuwa kawai ba. In ka shiga kantin magani a Amurka ka ce Daonil, za a yi ta kallonka. Sinadarin sunansa glibenclamide, su kuma can glyburide suke ce masa. Kuma ka sani yawancin waɗannan ƙasashe ba kamar kemis ɗin unguwa ba ne, ba a miƙo maka irin waɗannan magunguna sai da takardar likitansu.

Akwai wani tarko da nake so masu zuwa Indiya musamman su kasa kunne. Insulin iri-iri ne wajen kauri. Akwai mai lamba U-100, wato yunit 100 a kowace mililita, akwai mai lamba U-40 wanda har yanzu ana amfani da shi sosai a Indiya. Kowanne da sirinjinsa. In ka zuƙi U-100 da sirinjin U-40, ka kai layin da ka saba, to ka yi wa kanka ninki biyu da rabi na abin da likita ya ce. Wannan na iya kai mutum ga suma. In ka juya, ka sa U-40 a sirinjin U-100, ka samu ƙasa da rabi. Duk lokacin da dole ta sa ka sayi insulin ko sirinji a wata ƙasa, duba lambar da ke jikin kwalba ka duba ta jikin sirinji, su zama iri ɗaya.

Lissafin suga ma ya bambanta. Na'urori da yawa a wajenmu suna ba da lamba irin 110 ko 180, haka ake yi a Amurka. Ingila da Kanada kuwa za ka ji ana cewa 6 ko 10. Duk abu ɗaya ne, a raba babbar lambar da 18 a samu ƙaramar, wato 180 a nan ita ce 10 a can. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru da suka saba da lissafin Faransa, su 1,80 za su gani. Na kawo wannan ne saboda Baba zai iya aron na'urar surukinsa a Manchesta, ya ga ta nuna 15, hankalinsa ya tashi ya ce suga ya faɗi ƙasa warwas, ya nemi lemo, alhali 15 ɗin nan 270 ce.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan mai ciwon suga da tafiya ƙasashen waje a lokacin sanyi.

Sai batun agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Alkahira da awa 1 a wannan lokaci, Landan kuma tana bayanmu da awa 1. Irin wannan tazarar ba ta cika buƙatar wani babban gyara ba, a koma agogon garin kawai. Inda magana take shi ne idan tazarar ta wuce awa 4: Niyok da Toronto suna bayanmu da awa 6, Gwanzu ta 'yan kasuwa da Kwala Lamfur suna gabanmu da awa 7. Mai tafiya yamma yininsa ya ƙara tsawo, zai ci ƙarin abinci, wataƙila ya buƙaci ƙarin insulin. Mai tafiya gabas yininsa ya gajarce, in ya yi allura yadda ya saba alluran suna iya haɗuwa kusa da kusa suga ya faɗi. Ba zan faɗi yawan da za a ƙara ko a rage a rediyo ba, domin na kowa daban ne. Ka je wa likitanka da tikitinka a hannu, mako huɗu zuwa shida kafin tafiya, ya ga lokacin tashi da na yada zango da na sauka, ya rubuta maka tsari. Ka kuma ɗaura agogon hannu ka bar shi a lokacin gida har ka sauka, don waya ita da kanta take juyawa ba ta yi shawara da kai ba.

A cikin jirgi, kada ka yi allurar cin abinci don ka hango keken abinci ya taso. Jira tire ya sauka a gabanka. Iska na iya kaɗa jirgi a ce ma'aikata su zauna, abincin ya yi jinkirin awa guda, kai kuma allura ta riga ta shiga. Ka riƙe ɗan guzurinka, biskit ko burodi ko gyaɗa. Kilishi da dambun nama dai a cinye su kafin a sauka, don Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka ba sa barin a shigar musu da nama daga wajenmu, za a ƙwace a kan idonka. A sha ruwa sosai, a riƙa miƙewa ana ɗan takawa, kuma kada a tafi bayin jirgi ba takalmi.

To an sauka lafiya. Yanzu ga sanyi.

Na'urar gwaji ba ta son sanyi. In ta yi sanyi da yawa takan ƙi aiki ko ta ba da lambar ƙarya, batir ma yakan mutu da wuri. A riƙe ta a aljihun ciki. Yatsa kuma in ya ƙandare ba ya ba da jini, sai a wanke hannu da ruwan ɗumi a goge ya bushe kafin a soka. Wankin nan yana da wani amfanin, domin yatsan da ya taɓa dabino ko lemon zaƙi zai nuna suga ya hau alhali bai hau ba.

Abin da ya fi damuna shi ne faɗuwar suga. Alamominta su ne rawar jiki, zufa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, da ruɗewa. To mutumin Sakkwato da ya sauka a Landan a Disamba dama jikinsa rawa yake yi. Sai ya ce sanyi ne. Zufar kuma tana ƙarƙashin riguna huɗu, ba wanda ya gani. Ga jikoki sun ja shi kasuwa, ya yi tafiyar ƙafa da bai yi irinta ba a shekara, lokacin abinci ya wuce ba a lura ba, don a Landan a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk sun cunkushe cikin awa huɗu, mai auna lokacin cin abincinsa da kiran salla ya rikice. Masu allurar insulin da masu shan glibenclamide, gliclazide ko glimepiride su ne wannan ya fi shafa. In jiki ya yi wani iri, a tsaya a gwada. Ƙasa da 70, wato 3.9 a lissafin Ingila, faɗuwa ce. A ci giram 15 na zaƙi mai saurin shiga jini: ƙwayar sukari huɗu, ko babban cokali na zuma, ko rabin gwangwanin lemon kwalba na asali, ba mai rubutun babu sukari ba. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai tashi ba a maimaita, in ya tashi a bi da abinci. Masu dogaro da Lucozade su sani cewa na Ingila tun 2017 aka rage masa sukari kusan rabi, lemuka da dama ma an rage musu saboda harajin sukari da ya fara aiki a 2018, don haka kurɓi biyu ba zai isa ba. In kuwa mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa a kira motar asibiti. Lambar ita ce 999 a Ingila, 112 a ƙasashen Turai, 911 a Amurka da Kanada, 997 a Saudiyya, 998 a Dubai, 123 a Masar.

Sannan ƙafa. Wanda ya daɗe da ciwon nan, jijiyoyin ƙafarsa kan mutu a hankali, ya daina jin zafi da sanyi sosai. Ku kwatanta Hajiya ta shigo daga waje tana kyarma, ta cire safa, ta ja kujera ta ɗora tafin ƙafarta a kan ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango, hira ta yi daɗi da ɗiyarta, ita ba ta jin komai sai ɗumi-ɗumi. Da safe sai ga bororo ya tashi a dunduniya. A ƙafar mai suga, bororo irin wannan kan zama gyambon da zai yi watanni, wani lokaci ya kai ga yanke yatsa. Haka robar ruwan zafi da ake sawa cikin bargo, haka bargon lantarki, haka ruwan famfonsu da ke fitowa da zafin da zai sale fata. Kafin alwala ko wanka a taɓa ruwan da gwiwar hannu, ba da ƙafa ba. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu da tawul kafin a mayar da safa. A shafa mai saboda kaushi da faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kowane dare a duba ƙafa sama da ƙasa, in ido ko baya ba za su bari ba, ɗa ko jika ya duba. Kuma 'ya'ya, in za ku saya wa Baba takalmin sanyi, ku tafi da shi da yamma ya gwada da safa mai kauri a ƙafarsa, kada ku sayo da ƙiyasi. Sabon takalmi mai matsi ya fi sanyin ɓarna.

Masu Umara, ku ma wannan ya shafe ku. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki. A gwada suga kafin a fara, a riƙe dabino ko sukari a jakar ɗamara. A sa takalmi a leda a riƙe a hannu, don in ya ɓata a ƙofar Harami kada a ce za a taka ba takalmi zuwa otal. Mata suna iya sa safa. Namiji mai harami da ƙafarsa ke da matsala ya tambayi malamai hukuncin lalura tun kafin ya tashi. Madina kuma da asuba a wannan lokaci akwai sanyi na gaske, a tafi da rigar sanyi. Ajwa da sauran dabino albarka ne, amma sukari ne, ƙirga su ake yi.

Abinci ba zan daɗe a kansa ba, kowa ya san kansa. Lokacin biki ne a can, kek da cakulan ko'ina, gidan 'ya'ya kuma ana son a faranta wa baƙo. Rabin faranti ganye, kwata nama ko kifi, kwata shinkafa ko dankali. Shayi ba sukari. Sanyi yana kashe ƙishirwa, hita kuma tana busar da jiki, saboda haka a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba. Wasu kan ce ga yini gajere, bari su rama azumin da ake binsu. Dabara ce mai kyau ga mai lafiya, amma mai allura ko ƙwayoyin da na ambata kada ya fara sai da izinin likita.

Lokacin mura ne kuma. A nemi rigakafin mura mako biyu kafin tafiya, masu Umara kuma ga ta sanƙarau da Saudiyya ta wajabta. Zazzaɓi yana ɗaga suga ko mutum bai ci komai ba, don haka ba a daina insulin don an kasa cin abinci. A riƙa gwadawa duk bayan awa uku zuwa huɗu. Maganin tari na ruwa da yawa akwai sukari a ciki, a gaya wa mai kanti ana da suga ya ba da marar sukari. In amai da gudawa suka kama, wasu ƙwayoyi irin metformin akan dakatar da su na ɗan lokaci, ka tambayi likitanka wannan tun a gida ya rubuta maka. Suga ya wuce 250 ga amai ga ciwon ciki ga numfashi sama-sama, wannan na asibiti ne nan take. Kuma duk zazzaɓin da ya kama ka bayan ka bar gida, ka faɗa wa likitan can daga inda ka fito, a gwada maleriya, don ba ita ce za ta fara zo masa a rai ba.

Asibiti a can kuɗi ne. A Ingila sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an ba baƙo gado, ana cajinsa ninki ɗaya da rabi na kuɗin aikin. Bizar Shengen ba a ba da ita sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Amurka kuwa ba a magana. Wajen cike takardar inshora mutanenmu kan ɓoye ciwon don kuɗin ya yi sauƙi, ko ejan ya cike ba tare da ya tambaya ba. Ranar da aka kwanta, kamfani ya gano ciwon tsoho ne, sai ya ce ba ruwansa. A faɗi gaskiya a biya ƙarin, a kuma karanta a tabbatar ciwon suga yana cikin abin da suka ɗauka.

A rubuta ɗan kati da Turanci, ko da Larabci ko Faransanci gwargwadon ƙasar, mai cewa kana da ciwon suga, ga maganin da kake sha, ga lambar wayar mai masaukinka, a sa shi a aljihu tare da fasfo.

Lokaci ya yi mana halinsa. A mako mai zuwa za mu duba hawan jini da sanyin hunturu a nan gida. Matafiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, masu Umara a sa mu a addu'a. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)